Yadda na rage shafuka 43 zuwa 11 kafin mu je banki

Aikina lissafi ne, kuma shekara tara ke nan ina riƙe da littattafan kuɗi na wani matsakaicin kamfanin casar shinkafa a yankin Kura, kudu da birnin Kano. Ban taɓa koyon zane ba, ban kuma taɓa ɗaukar kaina a matsayin mai ido a kan launi ko tsari ba. Abin da na sani shi ne Excel da rasit da lissafin buhunan shanshera da suka shigo da na tsabar shinkafa da suka fita. A bara ne mai kamfanin, wanda dukkanmu muke kira Alhaji, ya yanke shawarar neman rance domin sayen injin busar da shinkafa, bankin kuwa ya sa mana rana, ya ce mu zo mu yi wa kwamitinsa na ba da rance bayani cikin minti 20. Da yake ni na fi kowa sanin alƙaluman, sai aikin shirya shafukan da za a haska a majigi ya faɗo kaina.

Na yi abin da na ga kowa yana yi. Na buɗe PowerPoint, na zaɓi wani shiryayyen tsari mai igiyoyin shuɗi da ruwan zinariya, sannan na ɗauko takardar tsarin kasuwancinmu na riƙa kwafo sakin layi ina mannawa, na kwaso jadawali daga Excel na cusa, na kuma dasa tambarin kamfani a kusurwar kowane shafi. Da na gano cewa ana iya sa rubutu ya shigo yana juyi kamar fanka, sai na sa wa kusan kowane layi nasa salon shigowar. Kwana huɗu na yi a kai, na tashi da shafuka 43, kuma ba zan ɓoye ba, na yi alfahari da su, domin a ganina yawansu shaida ce ta cewa mun shirya.

Mako guda kafin ranar, muka aro majigi muka haska a farin bangon ofis domin gwaji. Alhaji ya ja kujera ya zauna can baya kusa da ƙofa, inda ya ce nan ne manyan mutane suka fi son zama. Ina kan shafi na bakwai, wanda jadawali ne mai layi 12 na watannin shekara da ginshiƙi tara na lambobi, sai ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce, "Malam Akanta, a cikin wannan tarin lambobin, wacce kake so in kalla?" Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ake so a gani shi ne daga Yuli zuwa Satumba abin da muke fitarwa yana raguwa sosai, saboda hadari ba ya barin shinkafar da muka turara ta bushe a tamfol." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "To me ya hana ka rubuta haka?" Na duba agogo, na ga mun cinye minti 14, saura shafuka 36 a gabana.

A daren nan na kira ɗan yayata, wanda yake aiki a wani shagon buga fastoci da allunan talla a cikin gari. Ya zo bayan sallar isha'i, ya zauna yana wuce shafukan ɗaya bayan ɗaya bai ce uffan ba, sai da ya kai ƙarshe ya ɗago ya ce, "Kawu, ai wannan rahoto ka rubuta, ka yayyanka shi ka liƙa a bango." Ya ce a sana'arsu, idan za su yi allon da za a kafa a bakin titi, mai babur da ke wucewa a guje suke sa wa a rai, domin idan bai kama saƙon da kallo ɗaya ba, to kuɗin mai allon ya tafi a banza. Na ce masa mutanen banki a zaune suke, ba a kan babur ba. Ya ce haka ne, amma kunnensu yana wajena, kuma mutum ba ya karanta dogon rubutu yana sauraron mai magana a lokaci guda. Ko dai ya bar ni ya karanta, ko ya bar rubutun ya saurare ni, taura biyu ba ta taunuwa. Daga nan ya rufe kwamfutar, ya ce in ɗauko takarda da biro.

Wannan matakin na takarda shi ne ya canza aikin gaba ɗaya, kuma shi ne wanda na fi jin wahalarsa. Ya yayyaga takardu ƙanana, ya ce a kan kowacce in rubuta jumla ɗaya cikakkiya, mai aikatau a cikinta, wadda nake so mutumin banki ya yarda da ita kafin in wuce gaba. A tsofaffin shafukana, kanun da na sa su ne irin su "Gabatarwa", "Tarihin Kamfani", "Samarwa", "Ƙalubale". Waɗannan sunayen akwatuna ne kawai, ba sa gaya wa kowa abin da ke ciki. Da na zo mayar da "Samarwa" jumla, sai na ga dole in tsayar da magana, na rubuta, "A watanni uku na tsakiyar damina, abin da muke fitarwa yana faɗuwa ƙasa da rabi." "Ƙalubale" ya koma, "Injin casarmu yana zaman banza ne saboda busarwa ta dogara da rana." Da Hausa na fara rubuta su duka, domin da ita nake tunani, daga baya na mayar da su Turanci saboda bankin.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda shafuka da yawa suka mutu da kansu a wannan matakin. Na ɗauki shafin da ke ɗauke da tsarin shugabancin kamfani, da akwatuna da kibiyoyi daga Alhaji har zuwa maigadi, na yi ta neman jumlar da zan rubuta a kansa na rasa, domin babu wani abin da yake tabbatarwa game da rancen. Haka shafin manufa da hangen nesa, wanda na kwafo daga takardar da aka rubuta mana tun lokacin rajista, kuma ko Alhaji ba zai iya maimaita abin da ke cikinsa ba. Muka shimfiɗa takardun da suka rage a kan darduma, muka yi ta sauya musu wuri, har sai da ya zama idan mutum ya karanta kanun kaɗai daga farko zuwa ƙarshe zai ji labarin ya tafi daidai: ga abin da muke nema, ga dalili, ga abin da injin zai canza, ga yadda za mu biya, ga abin da zai iya ɓaci da tanadin da muka yi masa. Takardu 11 suka rage. Adadin kuɗin da muke nema, wanda a da yake ɓoye a shafi na 39, ya dawo shafi na biyu.

Daga baya na karanta wani labari da ya nuna mini cewa kuskuren ba na ƙananan akantoci irina ba ne kaɗai. A ranar 1 ga Fabrairun 2003 kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse yana dawowa duniya, mutum bakwai da ke cikinsa suka mutu, saboda wani ɓallin soso mai kare tankin mai ya bugi fiffikensa na hagu tun lokacin tashi. Kumbon yana sama injiniyoyi suka yi wa shugabannin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, bayani da PowerPoint, kuma a ɗaya daga cikin shafukan, kanun ya ba da alamar babu abin damuwa, alhali can ƙasa cikin ƙananan haruffa aka rubuta cewa ɓallin ya ninka wanda aka yi gwaji da shi girma sau ɗaruruwa. Kwamitin da ya binciki hatsarin ya ambaci wannan shafi a rahotonsa, ya kuma soki yadda aka mayar da shafukan majigi madadin cikakken rahoton fasaha. Shinkafa ba kumbo ba ce, amma tsarin kuskuren ɗaya ne da nawa: magana mafi nauyi tana shafin, sai dai an ajiye ta inda ido ba ya zuwa.

Sai muka koma kan jadawalin da ya sa Alhaji goge tabarau. Daga ginshiƙai tara, ɗaya ne kawai yake da alaƙa da jumlar da na rubuta, wato yawan buhuna masu kilo 50 da muke fitarwa a kowane wata. Muka mayar da shi zanen sanduna 12 a tsaye. Abin da PowerPoint ya fara ba mu yana da layukan raga a baya, da akwatin bayanin launi a gefe, ni kuma na ƙara masa inuwa da kauri domin ya fito kamar ginin bulo. Ɗan yayata ya goge duk wannan. Ya mayar da sanduna tara launin toka, ya bar uku na Yuli da Agusta da Satumba da ja mai duhu, ya rubuta adadin a saman kowace sanda domin kada mai kallo ya riƙa kai ido gefe yana dawowa. Na tsaya ina kallon zanen, na ga ramin damina ya fito fili kamar giɓin haƙori, abin da na shekara tara ina gani a lambobi ban taɓa ganinsa da ido haka ba.

A nan ne muka yi gardama ta farko. Na so a fara ma'aunin sandunan daga wani adadi mai yawa maimakon sifili, domin ramin ya ƙara zurfi a ido. Ya ce zai yi kyau, amma ni da kaina na janye, saboda na san mutanen da za mu zauna a gabansu aikinsu ke nan kullum, kuma idan ɗayansu ya lura an yi wa zane kwaskwarima, to zai fara shakkar kowace lamba da ta biyo baya. Zanen da'ira mai yanka-yanka kamar kankana, wanda na yi domin nuna kuɗaɗen da muke kashewa kashi takwas, shi ma ya tafi, domin ido ba ya iya bambance yanka biyu masu kusan girma ɗaya. Sanduna a kwance, daga mafi tsawo zuwa mafi gajarta, suka maye gurbinsa, nan take aka ga shanshera da man dizal su ne suke cinye kuɗin. Lambobin ma na taƙaita su: inda na rubuta naira har da kwabo, sai na koma miliyan kaza da ɗigo ɗaya.

Game da girman rubutu, akwai wata ƙa'ida da Guy Kawasaki, wanda ya taɓa aiki da kamfanin Apple kafin ya koma harkar zuba jari, ya yaɗa tun 2005: shafuka 10, minti 20, kada kuma harafi ya gaza ma'auni 30. Na gwada ta, kuma na ga amfaninta, domin babban harafi yana tilasta wa mutum ya rage surutu, tunda wurin ba zai ɗauka ba. Sai dai ban bi ta sau da ƙafa ba. Na tsaya a 36 a kanu, 24 zuwa 28 a sauran rubutu, kuma alƙalin da na dogara da shi shi ne gwajin da ɗan yayata ya koya mini: in ajiye kwamfutar a kan tebur, in ja da baya taku huɗu ko biyar, duk abin da na kasa karantawa daga nan, to na bayan ɗaki ma ba zai karanta shi a bango ba.

Abin da ya fi damuna shi ne bayanan da muka cire, domin banki ba ya ba da rance a kan kanu da sanduna, yana son ya ga lissafin shigar kuɗi da fitarsu wata-wata, da takardun filin da za a jinginar, da farashin injin daga masu sayarwa. Mafitar ita ce mu daina tilasta wa abu ɗaya ya yi aiki biyu. Na shirya takarda ta daban mai shafi takwas, rubutacciya da cikakkun jumloli da jadawalai, muka aika musu ta imel kwana uku kafin zaman, sannan a bayan shafuka 11 na majigi na ajiye wasu shida na ko-ta-kwana, waɗanda ba za a haska ba sai an yi tambayar da ta kira su. Kamfanin Amazon ya kai wannan ra'ayi ƙarshe, inda tun 2004 Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin, ya hana PowerPoint a tarukan manyan jami'ansa, aka koma rubuta bayani mai shafi shida da kowa zai karanta shiru a farkon taro. Ni ban kai can ba, amma na yarda cewa abin karantawa daban, abin haskawa daban.

Sauran gyare-gyaren ba su ɗauki lokaci ba. Muka jefar da tsarin mai igiyoyin zinariya, muka koma farin fili da baƙin rubutu da launi ɗaya na jan hankali, saboda majigi a ɗakin da rana ke shigowa yana kashe launuka masu haske, rawaya a kan fari kuwa ɓacewa take yi ɗungurungum. Duk juye-juyen rubutu suka tafi. Hotunan Turawa masu musabaha da na sauke daga intanet suka tafi, na fita da wayata da safe na ɗauki filin shanyarmu, tamfol bayan tamfol, ma'aikata suna rige-rigen tattara shinkafa hadari ya haɗo daga gabas, muka ba hoton shafi guda shi kaɗai da layi ɗaya a ƙasansa. Ɗan yayata ya kuma nuna mini abin da PowerPoint ke kira Slide Master, wato uwar shafuka, inda ake saita wurin kanu da nau'in rubutu sau ɗaya su bi dukkan shafukan, maimakon yadda nake jan kowane akwati da hannu, kanu yana tsalle daga wuri zuwa wuri duk lokacin da aka juya shafi.

Akwai matsala ɗaya da babu wani mai ba da shawara daga waje da zai faɗa wa Bahaushe, kuma ita ta kusa kunyata ni. Na yi kwafi na biyu da Hausa domin Alhaji da ƙannensa biyu masu hannun jari, kuma na zaɓi wani nau'in rubutu mai kyan gani da na sauke kyauta. A kwamfutata komai ya fito daidai a kallon farko, sai da na ƙura ido na ga duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suka zo, harafin ya fi 'yan'uwansa siranta, ya ɗan karkace, kamar baƙo a cikin sahu. Dalili shi ne nau'in rubutun ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, sai kwamfuta ta aro su daga wani nau'in ta cike gurbin. Da na buɗe fayil ɗin a kwamfutar sakatariya, wadda ba ta da nau'in rubutun gaba ɗaya, sai layuka suka zame suka hau kan juna. Alamar naira ma, ₦, tana shiga irin wannan halin, har a kwafin Turanci. Tun daga ranar, kafin in zaɓi kowane nau'in rubutu, sai na fara buga "ƙasa, ɗaki, ɓera, Ƙ, Ɗ, Ɓ, ₦" in ƙara girmansu in duba, wanda kuma yake rubutu da ƙa'idar Nijar sai ya haɗa da ƴ. Arial ya ci wannan jarrabawar a kwamfutocin ofishinmu, haka ma Noto Sans na Google, kuma Arial na zaɓa saboda da wuya a sami kwamfutar ofis da ba ta da shi.

Kwana biyu kafin zaman na kira jami'in da ke kula da asusunmu na tambaye shi abin da ke ɗakin taronsu, majigi ne ko talabijin, kuma wace irin waya yake karɓa. Tambayar ta yi amfani, domin PowerPoint tun daga fitowar 2013 yana buɗe sabon aiki a faffaɗan tsari na 16:9, tsofaffin majigai kuwa na 4:3 ne, kuma idan aka haɗa su sai hoton ya ƙanƙance, rubutun da aka auna da kyau ya koma ƙarami. Ya ce babbar talabijin ce mai HDMI, don haka na bar tsarin yadda yake, amma duk da haka na sa mahaɗin VGA, irin na tsofaffin majigai, a jaka. Na adana aikin a matsayin PDF, wanda yake riƙe haruffa da tsari yadda aka bar su a kowace na'ura, na sa kwafi a filashi, na tura wa kaina wani ta imel, na kuma buga shida a takarda saboda wuta ba ta da alƙawari. Sau uku na yi gwaji da agogo a gabana, a tsaye, da murya a sama, na farko ya kai minti 23, na ƙarshe ya tsaya a 16.

Ranar zaman mutum biyar muka tarar, shugabar kwamitin tana zaune a ƙarshen tebur, nesa da talabijin, da takardarmu mai shafi takwas a gabanta, ta ja layi da jan biro a wurare da dama. Alhaji ya yi gaisuwa da gabatarwa, ni kuma na tashi. Da na zo shafi na huɗu, mai sanduna uku ja, na faɗi jumlar kanun na yi shiru na ɗan lokaci kamar yadda na yi a gwaji, na ga dukkansu sun ɗago daga takardunsu. Ana cikin haka ɗayansu ya jefo tambaya a kan farashin dizal da injin zai riƙa sha, sai na danna harafin B, wanda yake baƙanta allon gaba ɗaya a lokacin haskawa, domin a dube ni maimakon bango, na amsa iya abin da na sani, sannan na buga lamba 14 na danna Enter, shafin ko-ta-kwana na lissafin mai ya fito. Na gama a minti 18.

Tambayoyi sun ɗauki kusan rabin awa, kuma ba duka ne muka amsa yadda suke so ba, musamman a kan takardun filin, waɗanda suka ce sai lauyansu ya duba kafin a ci gaba da magana. Da za mu tashi, shugabar kwamitin ta ce in mayar mata da shafi na huɗu. Ta ɗaga wayarta ta ɗauki hotonsa daga inda take zaune, ta ce za ta sa shi a bayanin da za ta aika hedikwata. A mota muna komawa Kura, Alhaji ya ce in buga masa wannan shafin a babbar takarda, na Hausar, ya kafa a ofishinsa, kuma ɗan yayata ne ya buga shi washegari, ya ƙi karɓar kuɗin takarda.